Kwana Sittin Da Uku Na Barewa

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Da hantsi yaron da ke kwana a garka ya iso gida a kan keke, ya ce, "Baba, na ga Barewa da jan karen garkar gabas sun maƙale a bayan rijiya." Na tambaye shi ko yau ya fara gani, ya ce yau ne. Na shiga ɗaki na ɗauko sabon kaye na rubuta ranar a shafin farko.

Barewa karyata ce mai gadin awaki. Uwarta ce ta sa ni wannan aiki. Bara da kaka ta mutu a kan naƙuda, a ƙarƙashin rumbu, da ɗa a cikinta. Kwana biyu tana fama. Duk wanda na yi wa magana sai ya ce karya ba ta son ido, a bar ta za ta sauka da kanta. Sau da yawa haka ne, shi ya sa na bi maganar. Da likitan dabbobi ya zo, bayan komai ya wuce, tambaya biyu kawai ya yi mini: yaushe aka barbare ta, kuma ƙarfe nawa ta fara yunƙuri. Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Shekara shida tana kwana a bakin garken jajayen awakina a gefen Gulbi, ɓarawo bai taɓa ɗaukar mini ko ɗan akuya ba, ni kuwa na kasa riƙe mata lissafin kwana.

Barewa ba ta cika shekara biyu ba, wannan ne cikinta na fari idan ya kama. Nauyinta kilo 17. An yi mata allurar rigakafin haukan kare tun watan Satumba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na kira likita a salula. Ya ce cikin karya kwana 63 ne, amma in daga ranar barbara ake ƙirga, haihuwa na iya zuwa tun daga kwana 58 har zuwa 68, domin maniyyin kare yana yin kwanaki da rai a jikinta kafin ya gamu da ƙwai. Na duba kalanda. Kwana 63 ya faɗa a Lahadi 5 ga Janairu, amma daga 31 ga Disamba har 10 ga Janairu kowane dare nata ne. Tsakiyar lokacin sanyi ke nan.

Ya ja mini kunne a kan abu biyu. Kada a ba ta maganin mutane ko ɗaya, har irin na ciwon kai da zazzaɓi, yana iya kashe kare. Kada kuma a yi mata wanka da maganin ƙwari na gona saboda kaska, kamar yadda wasu ke yi. Da hannu za mu riƙa cire kaskar kowace yamma.

Talata, 3 ga Disamba (kwana 30)

Makonni huɗu babu abin rubutawa, sai 'yan kwanakin da ta rage cin abinci ta yi amai sau biyu. Kan nononta ya yi ja ya ɗan kumbura. Yau likita ya zo garka ya taɓa cikin a hankali da yatsu, ya ce ya ji ƙulle-ƙulle kamar ƙananan ƙwai, aƙalla huɗu. Ya hana ni gwadawa da kaina, wai hannun da bai saba ba yana iya jawo ɓari.

Na ce masa ai nonon ya riga ya nuna. Ya ce nono ba shaida ba ne: karya kan yi cikin ƙarya, nono ya kawo ruwa, ta haƙa rami, ta rungumi tsumma kamar ɗa, alhali ba komai a mahaifa. Inda akwai na'urar ɗaukar hoton ciki, ana ganin bugun zuciyar 'ya'yan daga wajen kwana 25, hoton ƙashi kuma yana ƙirga su bayan kwana 45. Shi ba shi da ko ɗaya, don haka za mu shiga naƙuda ba mu san adadinsu ba. Wannan ya dame ni, domin wanda bai san nawa ne ba, ba zai san lokacin da aka gama ba.

Juma'a, 13 ga Disamba (kwana 40)

Mun fara maganin tsutsar ciki, fenbendazol, kullum sau ɗaya a cikin abinci, gwargwadon nauyinta, har kwana biyu bayan haihuwa. Ban taɓa sanin tsutsa tana ratsa mabiya ta shiga ɗa tun yana ciki ba sai yau. Ashe shi ya sa ake ganin 'yan kwikwiyo da tulun ciki da siraran ƙafafu tun ba su yi wata ba.

Abinci ma ya sauya. Daga yanzu ne 'ya'yan ke girma da sauri, suna matse mata tumbi, saboda haka sai kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a wuni. Ran kasuwa, Litinin da Juma'a, ina biyawa wajen mahauta in sayo kayan ciki da guntayen nama, a dafa da shinkafa. Ana ƙara mata dafaffen ƙwai da busasshen kifi. Ragowar tuwo kaɗai ba ta riƙe mai ciki. Uwargida ce ta fi ni kiyayewa da albasa, tunda ta ji tana lalata jinin kare ta ware mata tukunyarta daban.

Na tambayi likita ko in sayo ƙwayar kalsiyam don ƙarfin ƙashi. Ya ce sam. In aka cika wa mai ciki kalsiyam, jikinta sai ya yi sakaci da jawo nasa daga ƙashi, ran da shayarwa ta yi nauyi sai jijjiga ta kama ta.

Laraba, 18 ga Disamba (kwana 45)

Hutun ranar Jamhuriyar Nijar, yara suna gida, muka yi aikin ɗakin haihuwa. Na dawo da Barewa gida daga garka. Mun share ƙaramin ɗakin ajiya na bayan gida, muka toshe tagar da ke fuskantar gabas saboda iskar hunturu, muka kewaye lungu ɗaya da bulo jeri biyu, muka shimfiɗa kwali da tsofaffin zannuwa wankakku. So nake ta saba da wurin tun yanzu, kada ranar ta tafi ta haƙa rami inda hannu ba ya kaiwa, kamar uwarta.

Wani maƙwabcina ya leƙo ya ga ana ta aiki, ya ce, "Malam, duk wannan a kan kare?" Ban ji haushi ba. Na ce masa kare mai tsaron dabbobi da gona an yi izinin ajiye shi, kuma shi ma ya san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Kwanonta daban, wurin kwananta nesa da wurin sallarmu. Amma tunda na ajiye ta tana yi mini aiki, haƙƙinta yana wuyana. Ya ce, "Haka ne," ya kama mana ɗaukar bulo.

Asabar, 28 ga Disamba (kwana 55)

In ta kwanta a gefe ana ganin 'ya'yan suna motsi a ƙarƙashin fata. Na haɗa kaya a kwando guda: ma'aunin zafi, man basilin, safar hannu, zare, sabuwar reza, ayodin, tsummoki masu tsabta da yawa, fitila mai caji, sikelin kicin, agogo, da wannan kaye.

Daga yau ana auna zafin jikinta ta dubura, safe da yamma. Zafin kare mai lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39. Idan ya faɗo zuwa wajen 37, naƙuda na zuwa cikin kwana guda. Faɗuwar ba ta daɗewa, wanda ba ya aunawa a kai a kai sai ta wuce shi. Yau 38.5 da safe, 38.4 da yamma.

Likita ya sa na rubuta abubuwan da in na gani zan kira shi ko ƙarfe nawa ne, na rubuta su a bangon kaye da jan biro. Koren ruwa ko baƙi ya fito kafin ɗan fari: mabiya ta rabu da mahaifa, ɗa na cikin haɗari. Yunƙuri mai ƙarfi minti 30 ba ɗa. Yunƙuri maras ƙarfi awa biyu ba ɗa. Fiye da awa biyu tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura a ciki. Ɗa ya leƙo ya tsaya. Jan jini yana zuba. Zafi ya faɗi, kwana guda ya wuce, ba naƙuda. Ko ɗoyi daga farjinta, a kowace rana. Ya ƙara da cewa in ta yi ɓari kafin lokaci kada kowa ya taɓa da hannu tsirara, akwai cutar da ke sa karnuka ɓari a ƙarshen ciki wadda kan kama mutum.

Da na karanta jerin nan na ga uwarta a cikinsa har wuri uku.

Juma'a, 3 ga Janairu 2025 (kwana 61)

38.2 da safe, 37.9 da yamma. Nono ya kawo ruwa tun shekaranjiya. Ta ci rabin abincinta.

Asabar, 4 ga Janairu (kwana 62)

Ƙarfe 6 da rabi na safe: 36.9. Na sāke aunawa don kada in yi kuskure, haka ya nuna. Na sanar da likita, ya ce ba zai kashe salularsa ba. Na aika aka kira dattijon da ke gadin garkar kusa da tamu, tsohon mafarauci ne, ya ga haihuwar karnuka fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Ta ƙi abinci ƙememe. Daga azahar ta shiga haki, tana tona zannuwan da muka shimfiɗa, ta fita, ta dawo, ta waiwaya ta kalli bayanta, jikinta na rawa. Da la'asar ta yi amai. Wannan shi ne matakin farko, bakin mahaifa ne ke buɗewa, ba a ganin yunƙuri a waje. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, mai cikin fari kuma takan kai kwana guda. A nan kam maganar mutane gaskiya ce, ba ta son ido. Na kori yara, na rage hasken fitila, na zauna a bakin ƙofa daga waje.

Lahadi, 5 ga Janairu (kwana 63)

Ina rubuta wannan da azahar, daga abin da na riƙa sa wa a kaye cikin dare.

11:05 na dare ruwa ya fashe, fari tas, ba kore. 11:25 ta fara yunƙuri, ana ganin cikin yana ɗaurewa. 11:50 ɗan fari ya faɗo a cikin jakarsa. Na miƙa hannu, dattijon ya riƙe ni, ya ce, "Dakata, Malam, ka ga abin da za ta yi." Ta yage jakar da haƙori, ta lashe shi da ƙarfi har ya yi tsuwa, ta datse cibiya, ta cinye mabiya. Ba wanda ya koya mata. Bayansa koren ruwa ya biyo, hankalina ya tashi, sai na tuna bayan ɗan fari wannan ba laifi ba ne.

12:30 na biyu, da ƙafafun baya ya zo. A akuya da na ga haka da na tsorata, amma a karnuka kusan huɗu cikin goma haka suke zuwa. 1:15 na uku. Duka ukun suka kama nono. Na tabbatar kowa ya sha, domin dakashin kwanan farko shi ne rigakafinsu, in kwana ya wuce hanjinsu ba ya ɗaukarsa.

Sai ta huta. Ta sha ruwa, ta kwanta tana lasarsu. Hutu irin wannan ba ya tayar da hankali muddin ba ta yunƙuri, amma idona na kan agogo.

2:40 ta sake tashi da yunƙuri, mai ƙarfi ƙwarai, tana nishi. 2:50 ba komai. 3:00 ba komai. Ta tsuguna, ta kwanta, ta juya, tana lasar bayanta tana kuka ƙasa-ƙasa, irin kukan da na ji bara a ƙarƙashin rumbu. Dattijon ya ce, "Malam, a ba ta lokaci, na ga wadda ta kai asuba ta sauka lafiya." Sannan ya ce akwai ragowar allurar naƙuda da aka yi wa akuyarsa, ko ya je ya ɗauko. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma ya fi ni sanin karnuka nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, likita ya ce in akwai ɗa a gicciye aka yi allurar nan, mahaifa za ta matsa a kan ƙofar da ke toshe har ta yage." Ya yi shiru, ya gyara mini riƙon fitila.

3:10, minti 30 cif, na kira. 3:45 na ji ƙarar motonsa a ƙofar gida, ya naɗe kai da rawani saboda sanyi. Tambayoyin nan na bara ya sake yi mini, na karanta masa daga kaye: ranar barbara, faɗuwar zafi, lokacin kowane ɗa, lokacin da wannan yunƙuri ya fara. Ya sa safar hannu, ya shafa mai, ya duba. Ɗan babba ne, kuma kansa ya lanƙwashe gefe, kafaɗa ce ta tokare hanya. Ya jira yunƙuri ya lafa, ya ɗan tura shi baya, ya miƙar da kan da yatsu biyu, sannan ya riƙa ja a hankali zuwa ƙasa, sai lokacin da ta yunƙura kawai yake ja. 4:10 ya fito. Ba ya numfashi, harshensa ya yi fari. Likita ya share masa hanci da baki, ya yi ta murza shi da tsumma kusan minti 15. Bai dawo ba. Namiji ne, ja, da farin tabo a ƙirji irin na kakarsa.

Barewa ta gaji liƙis. Cikin na ɗaurewa sama-sama ya saki. Likita ya taɓa ya ce akwai saura, ya sake dubawa ya tabbatar hanya a buɗe take, sai a lokacin ya yi mata allurar kalsiyam a hankali yana sauraron zuciyarta, bayan ɗan jim ya bi da 'yar allurar naƙuda. Ya ce in wannan bai yi ba, sai a yi mata aiki.

4:55 na biyar ya fito, mace, ƙarama. Uwar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Likita ya ce, "Malam, bismilla, naka ne." Na yage jakar daga wajen fuska, na share majina, na riƙe ta kai na ɗan kallon ƙasa ina murza bayanta. Dattijon ya ce a wujijjiga ta a iska kamar yadda aka saba, likita ya ce a'a, yana taɓa ƙwaƙwalwa. Can sai ta yi tsuwa. Na ɗaure cibiya da zare kamar faɗin yatsa biyu daga ciki, na yanke ta gaba da ƙullin, na ɗiga ayodin.

5:35 na shida, ana kiran assalatu. Likita ya taɓa cikin ya ce ya zama fayau.

Shida, biyar da rai. Mabiya kuwa biyar na ƙirga. Ko ta cinye ɗaya ban gani ba a cikin rikicin na huɗu, ko tana ciki. Na rubuta haka.

Na binne jan a gindin darbejiya. Na tambayi likita ko da na kira tun ƙarfe uku saura da ya rayu. Ya ce mai yiwuwa tun farkon yunƙurin mabiyarsa ta saki, ba wanda zai iya cewa. Abin da ya tabbata shi ne biyun da ke bayansa da uwar ba za su kai hantsi a haka ba.

Litinin, 6 ga Janairu

Na auna su: giram 380, 360, 350, 340, ƙaramar 270. Na ɗaura wa kowa zare mai launi daban a wuya, sako-sako.

Yanzu sanyi ne abokin gaba. Ɗan kwikwiyo a makon farko ba ya iya ɗumama jikinsa, wurin kwanansa na son zafin da ya kai wajen digiri 30, kuma wanda ya yi sanyi ba ya narkar da nono ko ya sha. Uwargida ta kawo shawarar kaskon garwashi, muka duba hayaƙi a rufaffen ɗaki da zannuwa a ƙasa, muka fasa. Gorunan roba muke cikawa da ruwan ɗumi, mu naɗe da tsumma, a sauya tsakar dare da asuba.

Laraba, 8 ga Janairu

Mabiyar nan ta shida. Jiya da yamma Barewa ta bar abinci. Yau da safe ta kwanta nesa da 'ya'yan suna ta kuka, zafinta 40.1, abin da ke fita daga jikinta ya koma baƙi-baƙi mai kauri, yana ɗoyi. Jinin biƙi na karya yakan yi makonni yana fita, kore da farko sannan ja mai duhu, amma ba ya wari. Zafi ma yakan ɗan hau a kwana ɗaya ko biyu na farko, amma ba ya kai nan.

Likita ya zo kafin ƙarfe 9. Ya ce mahaifa ce ta kamu. Ya yi mata ƙarin ruwa, ya fara allurar kashe ƙwayoyin cuta irin wadda ba ta hana shayarwa. Da yamma wani guntun nama baƙi ya fito. Ina kai mata 'ya'yan bakin nono da hannuna duk bayan awa biyu, ƙaramar nake fara sa wa a nonon baya, ya fi ruwa.

Asabar, 11 ga Janairu

38.8. Ta cinye kwano guda ta nemi ƙari. Warin ya tafi. Cibiyoyin duk sun faɗi. Za a ƙarasa maganin har ƙarshe duk da ta warware.

Juma'a, 17 ga Janairu

Huɗu sun ninka nauyin haihuwarsu tun shekaranjiya. Ƙaramar ta kai 510. Mai baƙin zare ya fara buɗe ido ɗaya. Kullum ina taɓa nonuwan ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda ya yi tauri ko zafi ko ya sauya launi. Lafiya lau. Na yanke wa yaran farce don sun fara yagar ta.

Lahadi, 19 ga Janairu

Da daddare na same ta tana haki jikinta na ɓari, gabana ya faɗi. Mako na biyu zuwa na uku shi ne lokacin jijjiga, sa'ad da nono ke zuƙe kalsiyam daga jininta. Takan fara da haki da rashin natsuwa, tafiya ta sandare kamar ƙafafun itace, zafi ya hau, sai faɗuwa da shure-shure, kuma tana kisa cikin awoyi in ba a yi allura ta jijiya ba. Na fito da ita tsakar gida na sa ta tafiya: tana taka ƙasa daidai. Zafi 38.6. Na kira likita duk da haka, ya ce in raba ta da yaran awa ɗaya, in ba ta abinci, in sake dubawa. Ta ci, ta lafa. Da na duba ɗakin sai na ga tsumman tagar ya faɗi, iska na hura ta kai tsaye.

Yanzu tana cin kusan ninki uku na abin da take ci da. Yau kuma aka ba yaran maganin tsutsa na farko, za a maimaita bayan mako biyu.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mako uku. Duka biyar suna tafiya suna tangaɗi, ɗaya ya haura bulo ya faɗo waje, na ƙara jeri na uku. Sun fara lasar kunun shinkafa da ƙwai a faranti.

Dattijon ya zaɓi mai baƙin zare, maƙwabcina da ya kama mana bulo ya ce a ajiye wa ƙanensa ɗaya saboda tumakinsa a Tibiri. Ba wanda zai tafi kafin mako takwas, kuma na rubuta 5 ga Afrilu don allurar haukan kare, ran da suka cika wata uku. Ƙaramar tawa ce. Mun yi magana da likita a kan yi wa Barewa aikin hana ɗaukar ciki bayan yaye, na ce a yi.

Jiya bayan isha'i ta tsaya a bakin ƙofar gida tana kallona, na buɗe mata. Yaron garka ya ce ta iso, ta zagaya garken awaki sau biyu, ta shinshina sabon ɗan akuyar da aka haifa ba ta nan, ta juya. Ƙarfe 10 da minti 20 ta dawo ta kwanta, yaran suka rufe ta. Ƙaramar yau giram 940.